k-epsilon ko ODT: wanne ya dace da lissafin iskar da ake ɗumamawa daga ƙasa?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kamar yadda na fahimce ta: kana aikin digiri na biyu a kan iskar da aka kulle tsakanin faranti biyu, na ƙasa mai zafi, na sama mai sanyi. Laftop kaɗai gare ka. Malaminka ya ce ka yi lissafin da hanyar k-epsilon a cikin manhajar OpenFOAM, kai kuma ka ci karo da wata hanya mai jefa ƙuri'a da ake kira ODT (One-Dimensional Turbulence, wato lissafin hargitsin gudana a kan layi ɗaya), kana so ka san wacce ta fi.

Ba tambaya ɗaya suke amsawa ba, shi ya sa sai an fara duba abin da kowacce ta yarda ta sadaukar.

Matsalar da ta haifi su biyun ita ce tsada. Lissafin gudanar ruwa da iska yana hannunmu tun zamanin Navier a 1822 da Stokes a 1845, kuma ana iya warware shi kai tsaye a kwamfuta ba tare da wani ƙiyasi ba, wato abin da ake kira DNS. Amma idan gudana ta hargitse, dole ragar lissafinka, wato ƙananan gidajen da ake raba wurin zuwa cikinsu, ta kama komai, daga babban juyi mai faɗin akwatin har zuwa ɗan mitsitsin da danƙon iska ke kashewa. Bisa ƙa'idar Kolmogorov ta 1941, idan lambar Reynolds, wadda ke auna ƙarfin gudu a kan danƙo, ta ninka sau 10, gidajen ragar da kake buƙata za su ninka kusan sau 178. Orszag da Patterson sun fara da gida 32 a kowane gefe a 1972. Sai da aka shekara kusan talatin kafin babbar kwamfutar Japan, Earth Simulator, ta kai 4096 a kowane gefe. To ka ga inda laftop ta tsaya.

k-epsilon ta ce: a manta da kowane juyi, a lissafa matsakaici kawai. Tushenta na wurin Osborne Reynolds a 1895, sigar da kowa ke amfani da ita kuma ta Launder da Spalding ce ta 1974. Ana ƙara lissafi biyu, ɗaya na ƙarfin hargitsin, ɗaya na saurin ƙarewarsa, daga su a fitar da wani danƙo na ƙage wanda zai wakilci duk cakuɗar da juye-juyen ke yi. Ribar a bayyane take. Tana riƙe da siffar wurin gaba ɗaya, tsawo da faɗi da tsayi, da taga da bututu da kusurwa, kuma ta gama a kan ƙaramar kwamfuta.

ODT ta bi ta ɗaya ƙofar. Alan Kerstein na cibiyar binciken Sandia a Amurka ya fitar da ita a 1999, bayan wata hanyarsa ta farko ta 1988 da ya gina don cakuɗar iskar gas. Shi siffar wurin ya jefar, ya riƙe layi ɗaya tak, a naka aikin layin da ya tashi daga farantin ƙasa zuwa na sama. A kan wannan layi ana warware yaɗuwar zafi da danƙo har zuwa mafi ƙanƙantar ma'auni, babu ƙiyasi. Amma iska ba ta iya juyawa a kan layi, don haka sai aka ƙirƙiro abin da zai tsaya a madadin juyi. A ɗauki wani yanki na layin, a matse abin da ke cikinsa ya koma kashi ɗaya bisa uku, a jera kwafi uku, a kifa na tsakiya. Ba a ƙara zafi ba, ba a rage ba, ba a tsinka layin ba, amma bambancin zafi tsakanin maƙwabta ya ninka sau uku, kuma iskar da ke ƙasa ta sami kanta a sama. Abin da juyi na gaskiya ke yi ke nan: ya matso da mai zafi kusa da mai sanyi domin yaɗuwa ta ƙarasa aikin.

Ina ƙuri'ar take? A wajen zaɓen lokacin juyin, da wurinsa, da girmansa. Kwamfuta na jefo juyi, sai a auna ko akwai ƙarfin da zai iya haifar da shi a wannan yanki a wannan lokaci, ko daga bambancin gudu ko daga iska mai nauyi da ke zaune a kan marar nauyi. Inda ƙarfin ya yi yawa, damar karɓar juyin ta yi yawa. Kuma da yake kowane juyi na ƙara kaifin bambanci, yana jawo ƙananan juye-juye a bayansa, su ma su jawo waɗanda suka fi su ƙanƙanta. Wannan gangarowa daga manya zuwa ƙanana ba a rubuta ta cikin lissafin ba, da kanta take fitowa. A nawa ganin nan ne kyawun hanyar yake. Tsadar kuma: lambar Reynolds ta ninka sau 10, gidajen layin su ninka ƙasa da sau 6.

Yanzu mu sa su a kan akwatinka. Wannan tsari na Bénard ne na 1900 da Rayleigh na 1916. Tsakanin faranti biyu masu tauri iska ba ta motsi sai lambar Rayleigh, wadda ke auna ƙarfin ɗagawar zafi a kan danƙo da yaɗuwa, ta haura 1708. Idan tsayin akwatin mita ɗaya ne, bambancin zafi kuma digiri 10, lambar ta kai wajen biliyan ɗaya, lambar Nusselt kuma, wato sau nawa zafin da ke wucewa ya ninka wanda zai wuce in iskar ba ta motsi, wajen 60. Ma'anar haka, kusan duk faɗuwar zafin tana faruwa ne cikin wata siririyar shimfiɗa da ba ta kai santimita ɗaya ba a jikin kowane faranti. Tsakiyar akwatin kuwa zafinta kusan ɗaya ne daga ƙasa har sama.

A nan k-epsilon ke tuntuɓe sau biyu. Na farko, tana ɗauka cewa zafi yana bin gangaren matsakaicin zafi ne, inda babu gangare babu wucewa. Amma a tsakiyar akwatin gangaren kusan sifili ne, alhali duk zafin yana ratsawa, ɗauke a cikin harsunan iska mai zafi da ke ɓallewa daga farantin ƙasa. Na biyu, ƙa'idojin bango da ake haɗa ta da su, waɗanda ke ƙiyasta abin da ke faruwa dab da faranti, an tsara su ne don gudanar da famfo ko fanka ke turawa, ba wadda zafi ke ɗagawa ba. Lambobinta ma, irin su 0.09 da 1.44 da 1.92, daga gwaje-gwajen da babu ruwansu da ɗumama daga ƙasa aka daidaita su. Za ta ba ka hoto mai launi mai kyau, amma ka yi hattara da lambar Nusselt ɗin da ta fitar.

ODT ba ta da wannan ciwo, domin shimfiɗar jikin farantin tana cikin abin da take warwarewa kai tsaye. Tana ba ka matsakaici, ta ba ka girman kai-komon zafi, ta ba ka yawan faruwar zafi mai tsanani a kowane tsayi. Kana iya sauya iska da ruwa ko narkakken ƙarfe ka ga yadda sakamakon zai canza, kana iya hawa zuwa lambobin Rayleigh da DNS ba ta kai ba tukuna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don har yau ana muhawara a kan yadda Nusselt ke ƙaruwa da Rayleigh, tsakanin hasashen Malkus na 1954 da na Kraichnan na 1962 mai cewa a can sama ƙaruwar za ta yi tsalle.

Ciwon ODT daban ne, kuma ba ya ɓoyuwa. Ka dubi tukunyar kunu a kan wuta: yana tasowa ta wani gefe, ya ratsa sama, ya nutse ta wani gefen. Irin wannan babban zagaye yana nan a cikin akwatin gwaji, bangon gefe ne ke tsara shi, yana kuma share jikin faranti. Layi ɗaya bai san bangon gefe ba, bai san faɗin akwati ba, don haka ba ya ganin wannan zagaye. Bayan haka tana da nata lambobin da ake saitawa da hannu, ɗaya na yawan juyi, ɗaya na hana juye-juyen da danƙo zai kashe, kuma sai ka daidaita su da sakamakon DNS ko na gwaji kafin ka fara hasashe. Gudu ɗaya kuma ba amsa ba ne. Tun da ƙuri'a ce, dole ka bar ta ta daɗe tana gudu ko ka maimaita da lambobin fara ƙuri'a daban-daban ka ɗauki matsakaici.

Akwai ta tsakiya, LES, daga aikin Smagorinsky na 1963, mai warware manyan juye-juye ta ƙiyasta ƙananan. Tana ganin babban zagayen, amma kusa da faranti tsadarta na kusantar ta DNS, laftop ɗinka za ta kwana tana huci.

Saboda haka ka koma ka karanta taken aikinka. Idan ya ce a gano yadda wucewar zafi ke canzawa da lambar Rayleigh ko da nau'in ruwa tsakanin faranti masu faɗi, ODT ce ta dace, kuma ƙaramar kwamfuta ta ishe ta. Idan ya ce a gano inda iska ke bi a cikin ɗaki ko na'urar busar da amfanin gona mai mashiga da mafita, malaminka na da gaskiya, ODT ba ta da abin cewa a nan. Sai dai ko a hakan ka roƙe shi ku bar ƙa'idojin bango, ku ɗauki sigar da ke sauka har jikin faranti, kamar k-omega SST ta Menter ta 1994, ka cika gidajen raga a cikin santimitan farko, ka tabbata an kunna ɓangaren da ke lissafa hargitsin da ɗagawar zafi ke haifarwa. Kafin ka taɓa siffar da kake so, gwada saitinka a kan akwati mai sauƙi wanda aka riga aka buga sakamakonsa na DNS, ka ga tazarar da ke tsakanin Nusselt ɗinka da nasu. Idan ka samu wannan tazarar, turo mana ita tare da girman ragarka mu duba.