Ranar da iska ta kayar min da babur a Manchester

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Inna da yara suna lafiya. Kwanaki ka tambaye ni ko babura da kayan gyaransu a nan Ingila sun fi namu na gida da gaske. To ga abin da ya same ni makon jiya, sai ka yanke hukunci da kanka.

Ka san Honda CB125F ɗin da nake kai wa mutane abinci da shi. Da dare na kafe shi a bakin titi a kan ƙafar gefe, na lulluɓe shi da tamfol saboda ruwa. Ashe tamfol ɗin ne zai ja min. Iskar hunturun nan ta shige ƙarƙashinsa ta cika shi, da asuba na leƙo na tarar da babur kwance ta gefen dama.

Da na ɗaga shi hannuna har ya kai kan makulli, sai na tuna faɗan da kake min a kan Boxer ɗinka: babur in ya kwanta, a bar shi tsaye tukuna baƙin mai ya koma mazauninsa. Na ba shi kusan minti 20. Na sunkuya na shinshina ko fetur ya zuba, na duba ƙasa ko akwai ɗigon mai, na zaro ma'aunin baƙin mai na gani, sannan na buɗe gidan iska, don in babur ya daɗe a kwance mai yakan gangara can. Lafiya lau. A nan kam na sara wa baburan ƙasar nan. Namu masu kafireta in sun faɗi sai mai ya malalo, fulogi ya jiƙe, ka yi ta buga kik har gumi ya keto maka. Wannan na injekta ne, taɓawa ɗaya ya tashi.

Ɓarnar tana gefen da ya bugi ƙasa. Madubi ya juya, murfin sigina ya fashe, salansa ta ƙuje, hannun birkin gaba kuma ya lanƙwashe kamar lauje. Na tsaya a gabansa na matse tayar gaba da gwiwoyina na duba ko kan ya karkace, na juya shi hagu da dama, ba inda ya cije.

Hannun birkin nan ne ya kai ni gareji. Na ce wa Baturen ya miƙe min shi, ya girgiza kai. Wai alminiyon ne, in aka tanƙwaro shi yakan tsage ta ciki, wata rana kana tsakiyar taka birki ya ɓalle a hannunka. Sai dai sabo. Kuma ba ranar ba, sai na karɓi rana na dawo bayan kwana 4, ga kuɗin aiki da awa ake lissafa shi. Da na haɗa lissafi, ladan hannunsa ya ninka kuɗin ƙarfen sau da yawa. Nan na tuna bakanikenmu na bakin kasuwa, wanda zai zura bututu ya miƙe shi kana tsaye, ya ce ka kawo na goro. Gaskiya Baturen yana da hujja a kan birki, amma ko madubin da sifana ɗaya za ta ɗaure, da na bar masa sai ya shiga lissafi.

Inshora ma ban kira su ba. Akwai kason da kai za ka fara biya daga aljihunka, wanda ya fi ɓarnar, sannan badi su ƙara maka kuɗi. Siginar kuma ba ta baruwa, domin duk babur da ya wuce shekara 3 sai an yi masa gwajin lafiyar abin hawa da ake kira MOT duk shekara, kuma fitilar da ba ta aiki tana kayar da shi a gwajin.

Ƙarshe dai a intanet na sayi hannun birki da sigina, bayan kwana 2 suka iso ta gidan waya. Na ɗaura da kaina a bakin titi, yatsuna na ƙanƙarewa. Abin da ya burge ni, lambar kayan kawai na rubuta, suka zauna daram, ba goga ba bugu. Ka tuna sau nawa muka koma Ƙofar Ruwa canjin kaya saboda ramin ƙusa bai yi daidai ba.

Yanzu a kan ƙafar tsakiya nake kafe shi a jikin bango, ranar iska kuma ba na lulluɓe shi. Ka gaida bakaniken nan, ka ce masa in na zo hutu ina son ya koya min ɗaurin sarƙa.