Gargaɗi ga masu gida a Kaduna: ku yi hattara da masu cewa "sayar yanzu kafin rusau"

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah duk mai gida ko fili a Kaduna ya tsaya ya karanta wannan, musamman matan da mazansu suka rasu suka bar musu gida da marayu, don su aka fi hara.

Yayata ce abin ya kusa ritsawa da ita. Mijinta ya rasu ya bar mata gida ciki da falo biyu a wajen Rigasa, da yara biyar. Tun bayan da ta fita takaba take shawara da kanta, ta sayar ta koma ƙaramin wuri ta riƙe canji ta yi jari, ko ta haƙura ta jira. Mu ma a gida kanmu ya rabu, wasu na cewa rayuwa ta yi tsada tun da aka cire tallafin mai a 2023, gara ta sayar ta huta, ni kuma ina cewa Yaya ki duba fa, dala da take ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, buhun siminti ya wuce dubu goma a lokacin, in kika saki gidan nan kuɗin da za ki karɓa ba zai gina miki irinsa ba. Ba mu gama yanke magana ba, ashe labari ya fita unguwa.

Sai ga wani dillali, fes da shi, shadda da hula da carbi a hannu, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza. Ya ce mata wai yana da ɗan uwa a wani ofis, an nuna masa taswira, titi zai bi ta layinsu, nan da wata biyu za a zo a shafa jan fenti, kuma in aka shafa ko rabin kuɗi ba wanda zai taya. Kun san duk ɗan Kaduna da ya ga rusau ɗin da aka yi a shekarun baya, in ya ji kalmar nan sai gabansa ya faɗi. Ita ma hakan ta faru, kwana uku ba ta yi barci ba. Washegari ya kawo wani wai Alhaji ne daga Abuja, mota mai baƙin gilas, ya leƙa ɗakuna sama-sama ko banɗaki bai duba ba, ya taya da kuɗin da ya fi abin da muke tsammani. Tun daga nan ya kamata a gane, wa zai sayi gidan da za a rushe, har ya ƙara kuɗi a kai? Amma mai tsoro ba ya lissafi.

Suka ajiye mata dubu ɗari uku a leda wai kafin alƙalami, suka ce ta ba su takardun gidan na asali za su je su bincika su dawo da su, sannan ga wata takarda da Turanci shafi huɗu ta sa hannu wai rasit ce kawai. Kuma suka ja mata kunne kar ta gaya wa dangin miji, za su kawo rigimar gado. Allah ya taimaka takardun suna cikin akwatin Baba a Tudun Wada, dole ta kira ni in kawo. Na ce Yaya turo min hoton abin da za ki sa wa hannu tukuna. Na kai wa wani abokina lauya, ya karanta ya ɗago kai ya ce wannan ba rasit ba ce, takarda ce da ke cewa ta karɓi kuɗinta cif kuma ta ba mutumin ikon sayar da gidan. Wallahi jikina sai da ya yi sanyi. Da ta dangwala, da sun sayar wa wani bawan Allah sun ɓace, a bar ta da shari'a da marayu a titi.

Da na kira dillalin na ce mun yarda, amma mu haɗu a KADGIS, hukumar kula da filaye ta jihar Kaduna, a yi binciken tare, da lauyanmu da mai unguwa, kuma a biya a cikin banki mu ga kuɗi a asusu ba alat ba, sai murya ta canza. Ya fara faɗa wai muna masa kallon ɓarawo, ya turo yaro ya karɓi dubu ɗari ukunsu, daga ranar layinsa a kashe. Maganar titi kuwa mun tambayi mai unguwa da maƙwabta, ba wanda aka kawo wa wata sanarwa. Daga baya muka ji sun gwada irin wannan da wata tsohuwa a wajen Hayin Banki, ita da alat na bogi suka so su rufe ta.

Don haka dan Allah, ko da sayarwar za ka yi, kar takardar asali ta bar hannunka, fotokwafi ya isa bincike. Dokar filaye ta 1978 ta ce gidan da ke da satifiket ɗin mallaka na gwamnati ba a canza masa mai shi sai da amincewar gwamna, a Kaduna kuma ta KADGIS ake bi, to duk wanda ya ce a gama ciniki a zaure cikin kwana biyu tambaye shi saurin me yake. Gidan gado kuma sai duk magada sun sani, wanda ya ce ka ɓoye wa danginka ba alheri yake nufinka da shi ba. In har an riga an karɓe maka takardu kar ka tsaya jin kunya, ka tafi ofishin 'yan sanda ko EFCC, suna da ofis a nan Kaduna.

Yaya dai ta ce ta fasa sayarwa a bana, za ta gyara ɗakin waje ta sa haya. Jiya da yamma na sayo fenti, ni da babban ɗanta muka rubuta a jikin katanga da manyan baƙi: wannan gida ba na sayarwa ba ne.