Wata tara da injin yankan dutse a zauren gidanmu

Mahaifina maƙerin fari ne. Ya haura shekara arba'in yana ƙera zoben azurfa a unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, amma bai taɓa ɗora wa zobe dutsen da aka yanka a garin nan ba. Aƙiƙ ɗin da muke sawa, wato dutsen adon da ake ɗora wa zobe, daga hannun alhazai yake fitowa, ko daga 'yan kasuwar da ke saro kaya Kano. Abin da aka kawo shi za ka karɓa, ka ƙera gidan zoben daidai da shi. In mai zobe ya ce dogo siriri yake so, kai kuma masu faɗi ne a hannunka, sai ban haƙuri. Ga kuma gilashin da ake rinawa a sayar mana da sunan aƙiƙ. Wannan ya daɗe yana cin raina, shi ya sa bara na haɗa abin da na tara na sayi ƙaramin injin yanka da goge dutse, na kafa shi a zauren gida. Yau wata tara ke nan ina aiki da shi, kuma masu tambayata sun yi yawa, don haka ga abin da na gani.

Injin ƙirar Sin ne, irin mai aiki biyu a jiki ɗaya. Gefe guda zarto ne mai zagaye, faɗin milimita 150, bakinsa da garin daimon; ɗaya gefen kuma faifai ne kwance da ake manna wa fayafayan gogewa da maganaɗisu. Wani ɗan'uwa da ke Duwala ya yi mini odarsa, injin ya hau jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, daga can mota ta ƙaraso da shi. Kuɗinsa da na dako sun kusa sayen babur na hannu. Hukuncina a taƙaice: injin yana aiki, ban yi nadama ba, amma wanda ya ƙera shi bai san zafin Garwa ba, bai san hunturunmu ba, bai san wutarmu ba. Sai da na yi masa gyare-gyare kafin ya zama na gida.

Tun ranar farko na ci karo da matsalar wuta. Kan wayarsa mai fiffiken baki ne, ba ya shiga soket ɗinmu mai zagayen rami biyu, takardar bayani kuma babu Faransanci a ciki ko layi ɗaya. Da na kira mai gyaran wuta na unguwa, dattijo ne abokin Baba, ya duba ya ce, "Ɗana, canza kan waya ba shi ne aikin ba. Injin da hannunka zai kwana cikin ruwa a kansa, ba a kunna shi sai da wayar ƙasa." Ya kafa sandar tagulla a bayan zaure, ya sa mini makashin nan mai yanke wuta da kansa in ta ɓalle, na miliamfiya 30, ya ɗaga soket ɗin sama da kafaɗata don kada feshi ya kai gare shi. Sau biyu makashin nan ya faɗi ina tsakiyar aiki, duka biyun kuwa ruwa ne ya sulala wajen maɓallin kunnawa, wanda aka dasa a wurin da bai dace ba, ƙarƙashin tiren ruwa. Yanzu na lulluɓe shi da robar tayar keke. Na ƙara da regilato, na'urar daidaita ƙarfin wuta, saboda da yamma in wuta ta yi rauni sai ka ji motar injin tana gurnani tana zafi.

Ruwa shi ne ran wannan sana'a. Shi ke sanyaya dutse da zarto, shi ke wanke gari, shi kuma ke hana ƙura tashi. Injin ya zo da ɗan famfo da ke juya ruwan tire ya maido shi kan faifai. Kada ku yi amfani da shi wajen gogewa. Na yi sati uku ina mamakin inda zane ke fitowa a kan dutsen da na kusa gamawa, ashe ruwan ne ke kwaso tsakin faifai mai kaushi ya zuba mini a kan mai laushi. Na cire famfon, na rataye jarka mai lita 20 a bango, na sayi robar ƙarin ruwa irin ta asibiti a kantin magani, na jona. Ɗan tayan nan da ake murzawa yana ba ni ɗigo daidai yadda nake so, ruwan da ya taɓa dutse kuma ya wuce bokiti, ba ya dawowa. Jarka ɗaya tana kai ni yini. Taɓon da ke kwantawa a bokitin kada a zuba shi a magudanar gida, yana daskarewa ya toshe ta. Rami na haƙa masa a bayan gida.

Zarton da aka haɗo da injin bai yi ƙarko ba. Daimon ɗinsa shafe ne a sama kawai, kafin wata biyu ya zama sumul. Na sayi wani wanda garin daimon ke cakuɗe cikin ƙarfen bakin, shi ne har yau. Shi ma yakan dushe, sai ka ga yana shafar dutse ba ya ci. Ba ƙarewa ya yi ba, ƙarfe ne ya rufe daimon ɗin; ka yanka guntun tsohon dutsen wasa wuƙa sau biyu ko uku, bakin zai buɗe. Kada kuma a tura dutse da ƙarfi. Zarton nan ba yanka yake irin na katako ba, cin dutsen yake a hankali, in ka matsa masa sai ya karkace ko ya ɓantare maka gefen dutsen a ƙarshen yanka.

Wajen fayafayan gogewa ne injin ya burge ni ƙwarai, nan ne kuma ya koya mini abin da ban sani ba. Guda shida ne: lamba 80, 180, 320, 600, 1200 da 3000, sai na ƙarshe mai kama da bargo wanda ake shafa wa garin siriyom, garin da ke fito da ƙyallin dutse. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi. Da 80 da 180 ake fitar da siffa, a yi wa dutsen doro, a ɗan zaftare gefensa don azurfa ta sami abin kamawa in an lanƙwaso ta. Sauran kowanne aikinsa ɗaya: goge zanen da na gabansa ya bari. Nan mutum ke son yin tsalle, musamman daga 320 zuwa 1200, tunda dutse jiƙaƙƙe kullum kyau yake yi, yana sheƙi kamar an gama. Ruwa ne ke ɓoye zanen. Sai ka kai ƙarshe, ka sa siriyom, sannan kowane zane ya fito ɓaro-ɓaro a tsakiyar ƙyallin, dole ka koma baya. Dabarar da nake bi yanzu ita ce in shafe fuskar dutsen da baƙar maka kafin kowane faifai, in goga har baƙin ya ɓace gaba ɗaya, in tsane shi da ƙyalle, in fita ƙofar zaure in duba a hasken rana. A lamba 600 nake daɗewa fiye da ko'ina. In dutse ya bar 600 babu zane, sauran aikin sauƙi ne. Da fari dutsen zobe ɗaya yakan ci mini yini guda. Yanzu awa ɗaya da ɗan kai.

Baba ya tsaya a kaina wata rana yana kallo, ya ce, "Ai wannan ba baƙon abu ba ne. Haka muke yi wa azurfa, daga magagari mai kaushi zuwa mai laushi. Wanda ya tsallake ɗaya, zoben ne zai tona masa asiri." Tun ranar na daina ganin aikin a matsayin wata sana'a dabam da tamu.

Sai zafi. Dutsen zobe ƙarami ne, ba ya riƙuwa da yatsa, don haka ana manna shi a kan ɗan sanda da wani koren danko da ake narkawa a wuta. A watan Disamba dankon ya yi mini aiki lafiya lau, in na gama sai in sa a firiji na ɗan lokaci, dutsen ya ɓalle da kansa. Da Maris da Afrilu suka shigo, ma'aunin zafi ya haura 40, ruwan jarka kansa ya zama mai ɗumi, sai danko ya riƙa saki. Dutse yakan karkace a kan sanda ban lura ba, doron ya tafi gefe guda. Wani jan dutse da nake ji da shi ya fizge ya bugi bango ya rabe biyu, abin ya yi mini ciwo sosai. Yanzu da bazara kan ƙusa mai faɗi nake mannawa da gam mai kamawa nan take, in cire da asiton, ruwan nan na goge jan farce. Aikin ma da sassafe nake yi, bayan asuba zuwa hantsi.

Hunturu kuma nasa salon dabam. Ƙurar da ke sauka a kan komai tana ɗauke da ɗan yashi, yashi kuwa taurinsa ɗaya da aƙiƙ. In ta zauna a kan bargon siriyom, shi ke nan, maimakon ƙyalli sai zane. Kowane faifai yanzu da ledarsa mai zif, da lambarsa a rubuce, kuma ina wanke hannu da dutsen da sandar kafin in canza faifai. Injin bai zo da murfi ba, wanda a ganina babban rashi ne. Matata ce ta ɗinka masa riga da leda mai kauri.

Akwai maganar da ba na so a wuce ta da sauri. Ƙurar dutse irin su aƙiƙ da ƙanƙara (farin dutsen nan mai tauri) da giranit tana ɗauke da silika, in ta shiga huhu ba ta fita. Ciwon da take jawowa ba shi da magani, yana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Ina ganin samari a bakin hanya suna yanka tayil da dutse a bushe, farar ƙura ta rufe musu fuska, raina yana ɓaci. Ko da ruwa kake aiki, feshin yana bushewa a ƙasa da bango ya koma gari. Ba a share zaurena da tsintsiya, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa. Ina sa takunkumi mai lamba FFP2 da tabarau, taga a buɗe, yara kuma ba sa shigowa in inji na juyawa. Mai sayar da injin bai sako ko ɗaya daga cikin waɗannan a kwalin ba.

Wane dutse yake iyawa? Akwai ma'aunin tauri da wani Bajamushe, Friedrich Mohs, ya tsara a 1812, daga 1 zuwa 10. Daimon ne 10, safaya (shuɗin dutse mai daraja) 9, ƙanƙara 7, aƙiƙ dab da ita, gilashi da bakin wuƙa wajen 5 da rabi, marbur, wato marmara, kuwa 3. Sanin wannan kaɗai ya raba ni da masu kawo mana gilashi: ɗan tsinin ƙanƙara yana zana gilashi nan take, aƙiƙ na gaske kuwa da ƙyar ya nuna alama. Na koyi hannu da fararen tsakuwar ƙanƙara da nake tsinta a yashin Binuwai da rani, in ruwa ya janye, kyauta, kuma wasu suna fitowa da ruwan zuma mai kyau. Marbur na yankin Figil da Bidzar, kan hanyar Marwa, laushi ne da shi, faifan 80 cinye shi yake kafin ka ƙifta ido, don haka daga 320 nake fara masa. Bai dace da zobe ba, yana saurin karcewa a hannu, amma na yi 'yan matsen takarda da kan tasbaha da shi sun karɓu. Giranit yana goguwa, sai dai ƙwayoyinsa ba tauri ɗaya ba, baƙaƙen sukan lotsa su bar ramuka. Wani bawan Allah ya kawo mini safaya daga wajen Adamawa yana so in yi mata fuskoki irin na zoben Turawa. Na mayar masa da abinsa. Wannan aikin wani inji ne dabam mai ma'aunin kusurwa, wanda duk ya ce maka wannan zai yi, asarar dutse zai ja maka.

A wata na biyar injin ya fara ƙara. Na buɗe na tarar ruwa ya shiga boris ɗin sandar zarto, tsatsa ta kama. Abin da ya faranta mini rai shi ne lambarsa 6202, wanda masu kayan babur ke sayarwa a kasuwa; na sayi mai rufin roba, na cika da giris, cikin awa guda an gama. Kusoshin tiren ma sun yi tsatsa, na canza su da marasa tsatsa. Motar ba ta taɓa ba ni matsala ba, faifan kuma yana juyawa daidai babu rawa, wanda shi ne abu mafi muhimmanci a irin wannan inji.

Maƙerin zobe, ko mai sana'ar dutsen wuya da tasbaha, zai mori kuɗinsa, muddin ya ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin injin don zarto mai kyau, aikin wuta, takunkumi da fayafayan canji, domin 180 da 600 suna riga sauran ƙarewa, a Garwa kuma ban same su ba, sai an aiko. Mai son yanka manyan duwatsu don gini ko ado ya nemi wani, wannan dutsen da ya wuce ƙwan kaza ma da dabara yake raba shi.

Makon jiya na gama wani dutse ruwan zuma daga cikin tsakuwar Binuwai, dogo siriri, daidai yadda wani malami ya daɗe yana nema. Baba ya juya shi a tafin hannunsa, ya kai shi ƙofa ya duba a rana, ya ce in ba shi ma'aunin, shi zai ƙera masa gidan da kansa. Jibi Juma'a mai zoben zai zo karɓa.