Na'urar auna hawan jini ta gida: sharhi bayan wata takwas ana aiki da ita

Wadda nake magana a kanta ita ce mai batir, da ake naɗa maɗaurinta a damtse, a danna maɓalli ɗaya, ta hura iska da kanta, cikin ƙasa da minti guda ta nuna lambobi uku: ta sama, ta ƙasa, da bugun zuciya. Bayan wata takwas ina aiki da ita, ra'ayina shi ne ta cancanci zama a duk gidan da ke da mai hawan jini ko dattijo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce manya biliyan 1.3 ne ke da wannan cuta, kusan rabinsu kuma ba su san suna da ita ba, domin yawanci ba ta zuwa da ciwo. Sai dai na'urar ba ta faɗar gaskiya sai an bi ƙa'idarta, kuma takardar da ke cikin kwali ba ta jaddada wannan yadda ya kamata.

Abu na farko maɗauri ne, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Wanda aka fi haɗowa da na'urar na damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ne. Mai damtse 32 zuwa 42 babba yake buƙata. Idan maɗauri ya yi wa hannu kaɗan, sai an ƙara iska sosai kafin ya matse jijiya, lambar ta fito sama da yadda take. Ga mai kaurin damtse ƙwarai, ƙarin kan kai kusan 20. Wanda ya yi yawa kuma yana rage lambar, ya sa mutum ya saki jiki alhali jininsa ya hau. Don haka kafin a saya, a ɗauki tef a auna tsakiyar damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan mutane da yawa za su yi amfani da ita, a nemi maɗauri mai ɗaukar 22 zuwa 42.

Sai zama. Minti 30 kafin awo ba kofi, ba taba, ba motsa jiki. A yi fitsari tukuna, domin cikakkiyar mafitsara kaɗai tana iya ƙara kusan 10. A zauna a kujera mai majingina minti biyar, tafin ƙafa a ƙasa, ba a harɗe ba. Maɗauri a kan fata, ba a kan riga ba, bakinsa na ƙasa kamar santimita 2 sama da lanƙwasar gwiwar hannu, tiyon da ke kai masa iska yana bin cikin hannu, matsewar kuma daidai yadda yatsu biyu za su shiga. Hannu a kan tebur, daidai da tsayin zuciya. Idan ya yi lilo a gefe, lambar ta ƙaru. Magana ma haka. Na'urar tana karanta ɗan girgizar da jijiya ke yi a cikin maɗauri ne, shi ya sa motsi kaɗan kan sa ta nuna kuskure ko ta sake hura iska.

Abin da ya fi burge ni shi ne ma'ajiyarta, mai riƙe awo da rana da lokaci. Awo ɗaya ba ya nuna komai, domin jini yana hawa yana sauka a yini. Tsarin da likitoci ke so shi ne kwana bakwai, safe kafin shan magani da kuma yamma, sau biyu kowane zama da tazarar minti ɗaya. A zubar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida iyakar da ke nuna jini ya hau ita ce 135 bisa 85 (ta sama bisa ta ƙasa), ba 140 bisa 90 da ake amfani da ita a asibiti ba, saboda fargabar ganin likita kan ɗaga jinin wasu. Ranar farko a gwada hannu biyu, a ci gaba da wanda ya fi nuna sama.

Tana da aibi. Batiranta huɗu suna saurin sanyi idan mutum biyu na amfani da ita kullum, kuma cire su kan goge kwanan wata. Mannin maɗaurin yana tara zare ya daina kamawa, tiyon kuma idan ana naɗe shi da ƙarfi yakan tsage a bakin mahaɗa, iska ta riƙa zurarewa. Ga mai bugun zuciya marar tsari lambobinta ba abin dogaro ba ne sosai, kodayake takan nuna alamar gargaɗi, wadda bai kamata a yi biris da ita ba. Mai ciki da yara suna buƙatar samfurin da aka gwada musamman dominsu. Ta tsintsiyar hannu kuwa ban ba da shawararta ba sai ga wanda babu maɗaurin da ya shige shi.

Abin da ya fi damuna shi ne masu ganin lamba ta yi kyau su ajiye magani. Maganin ne ya saukar da ita. Canza shi aikin likita ne. Idan kuma ta nuna 180 bisa 120 ko fiye, a huta minti biyar a sake. In ba ta sauka ba a nemi likita a ranar. In akwai ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi, karkacewar baki, mutuwar ɓarin jiki ko dishi-dishin gani, kada a tsaya sake awo, a tafi asibiti nan take.

Kafin saye a duba ko samfurin yana cikin jerin waɗanda aka tantance, irin na STRIDE BP a intanet, domin da yawa da ke kasuwa ba a taɓa gwada ingancinsu ba. Sau ɗaya a shekara kuma a tafi da ita asibiti, tare da maɗaurinta, a gwada ta da tasu a hannu ɗaya.