Sharhi a kan makarantar kuɗin da 'yata take karatun sakandare

Makarantar da nake son yin sharhi a kanta makarantar sakandare ce mai zaman kanta, tana da sashen kwana da na jeka-ka-dawo, kuma a sashen kwanan 'yata take tun daga ajin farko. Ba zan ambaci sunanta ba, domin abin da zan faɗa ya ƙunshi yabo da ƙorafi, kuma manufata ita ce iyayen da suke neman inda za su kai 'ya'yansu su ga abubuwan da ya kamata a sa wa ido, ko da makarantar da ke gabansu ba wannan ba ce. A ganina tana da ƙarfi sosai a cikin aji, kayan aikinta ba su kai yadda ake tallata su ba, sannan akwai gyara mai yawa a yadda take tafiyar da sha'anin kuɗi da lokacin barcin ɗalibai. Duk da haka ba ni da niyyar cire yarinyar, saboda abin da na fi ba wa nauyi, wato malamai da yadda suke riƙe yaron da ba shi ne zakaran aji ba, shi ne makarantar ta fi ƙwarewa a kai.

Kusan kowace makarantar kuɗi, abin da take fara nuna wa iyaye shi ne sakamakon jarrabawar kammala sakandare, kuma wannan ma haka ta yi, da babban allo a bakin ofishin shugaba, da hotunan waɗanda suka yi fice, da jerin jami'o'in da suka samu shiga. Sakamakon yana da kyau, amma shi kaɗai ba ya gaya wa mutum abin da makarantar ta ƙara wa yaro. Makarantar da take tace ɗalibanta da jarrabawar shiga, ta ɗebi masu ƙoƙari, waɗanda akasarinsu sun fito daga gidajen da ake karatu ake kuma iya ɗaukar malamin gida, sakamakonta zai yi kyau ko da koyarwarta ba ta fi ta sauran ba. Tun a 1966 binciken da James Coleman ya jagoranta a Amurka, wanda ya shafi ɗalibai fiye da 600,000, ya nuna cewa yanayin gidan da yaro ya fito ya fi gine-gine da kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Haka nan jarrabawar PISA, wadda ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe ta OECD take shiryawa tun shekarar 2000 domin auna ƙwazon 'yan shekara 15 a karatu da lissafi da kimiyya, ta sha nuna cewa ɗaliban makarantu masu zaman kansu suna samun maki sama da na makarantun gwamnati, amma da zarar an yi la'akari da halin arzikin iyaye da na makarantun, sai ratar ta ɓace a yawancin ƙasashe.

Don haka ban tambayi shugabar makarantar ko mutum nawa suka ci jarrabawa ba. Abin da na tambaye ta shi ne, ɗalibai nawa aka ɗauka a ajin farko, kuma nawa ne daga cikinsu suka kai ajin ƙarshe suka rubuta jarrabawa da sunan makarantar. Dalilin tambayar kuwa, akwai makarantun da suke gyara sakamakonsu ta hanyar sallamar masu rauni kafin shekarar ƙarshe, ko su tura su wata cibiyar su yi rajista a can, don kada su ɓata musu allon talla. Akwai kuma waɗanda suke rufe raunin koyarwarsu da satar amsa, wanda shi ne mafi muni, domin yaron zai fita da takarda mai kyau da kai babu komai, kuma jami'a ce za ta tona asirin. Shugabar ba ta yi kwana-kwana ba. Ta sa aka kawo rajista, ta nuna mini waɗanda suka bar makarantar da dalilin tafiyar kowanne, sannan ta bayyana cewa wanda ya gaza ana ba shi ƙarin darasi da yamma ba tare da an karɓi ko sisi ba, idan kuma ta kama ya maimaita aji sai an zauna da iyayensa tukuna. Daga baya na ga gaskiyar maganarta a kan 'yata, wadda ta shiga tana fama da lissafi. Babu wanda ya taɓa kirana ya ce in nemi wani wuri. Malamin lissafin ne ya kira ni ya gaya mini daidai inda tushen matsalar take, wato ba ta zauna da kyau a kan lissafin ɓangarori da kaso tun daga firamare ba, kuma daga nan ya sake ɗauko ta.

Malaman su ne dukiyar wannan makaranta. Babbar cutar makarantun kuɗi ita ce yawan sauyin malamai, saboda da yawa daga cikinsu suna zuba kuɗi a fenti da motoci da ƙofar shiga, su bar malami da ɗan albashin da ba zai riƙe shi ba, don haka da ya samu wani aikin sai ya tafi a tsakiyar zango, yara su sake farawa da sabon mutum da sabon salo. A nan na tarar da malamai da dama waɗanda suka daɗe har suna koyar da ƙannen tsofaffin ɗalibansu, kuma wasu daga cikinsu 'ya'yansu ma a makarantar suke, abin da nake ɗauka a matsayin shaida mai ƙarfi. Ina ba duk mai neman makaranta shawarar ya samu malami ɗaya ko biyu a gefe, cikin ladabi, ya tambaye su tun yaushe suke wurin da kuma ko ana biyansu a kan lokaci. Yadda mutum zai amsa wannan tambayar yakan isa.

Wata hanyar da na bi, wadda ba ta buƙatar komai sai ɗan haƙuri, ita ce duba littattafan rubutun ɗalibai. Na roƙi a bar ni in zaɓi littafin da nake so da kaina, domin wanda za a miƙo wa baƙo kullum na mafi ƙoƙari ne. Littafin da na ɗauka na wani yaro ne matsakaici, kuma abin da na gani a ciki ya kwantar mini da hankali: an duba aikin kowane mako, an sa kwanan wata, an rubuta masa inda ya kuskure da dalilin kuskuren, sannan an sake duba gyaran da ya yi. Malamin da yake yin haka ga yaron da ba zai taɓa hawa allon talla ba, aikinsa yake yi da gaske. Har yau littattafan 'yata haka suke dawowa, musamman na lissafi da na harshe, kodayake na wasu darussan ba su kai haka ba.

Yawan ɗalibai a aji matsakaici ne, malami yana iya sanin kowa da sunansa. Ban ɗora wa wannan nauyi da yawa ba, domin sanannen gwajin da aka yi a jihar Tennessee ta Amurka daga 1985 zuwa 1989, inda aka kwatanta aji mai yara 13 zuwa 17 da mai 22 zuwa 25 aka kuma ga amfanin rage yawan yara a aji, a kan ƙananan yara 'yan farkon firamare aka yi shi. A sakandare na fi son ƙwararren malami a aji mai ɗan yawa a kan sabon shiga a ƙaramin aji.

Makarantar tana da rajista da hukumar ilimi kuma cibiyar jarrabawa ce da aka amince da ita, na kuma ga takardun da idona. Wannan abu ne da bai kamata a karɓa da baki ba, domin makarantar da ba ta da amincewar hukuma sai ta kai ɗalibanta wani wuri su rubuta jarrabawa, tare da duk wahalar da ke cikin hakan. Haka ma masu tallata manhajar ƙasashen waje: idan makaranta ta ce tana koyar da IGCSE, wato manhajar sakandare ta hukumar jarrabawa ta Cambridge da ke Birtaniya, ko manhajar ƙasa-da-ƙasa ta IB wadda aka kafa a Geneva a 1968, duka hukumomin biyu suna wallafa sunayen makarantun da suka amince da su a shafukansu na intanet, kuma cikin 'yan mintuna mutum zai tabbatar. Wannan makarantar dai manhajar ƙasa take bi, ba ta kuma yi da'awar abin da ba ta da shi ba.

Inda ta fara ba ni kunya shi ne ɗakin gwaje-gwaje. Ranar da ake zagayawa da iyaye an jera kwalabe da madubin duba ƙananan halittu an goge komai yana ƙyalli, amma da karatu ya kankama sai na fahimci cewa ƙananan azuzuwa ba safai suke shiga ba, yawancin gwaje-gwajen a kan allo ake zana musu su. Kimiyyar da yaro bai taɓa da hannunsa ba hadda ce kawai, kuma ranar jarrabawar aiki da hannu za a gane. Laburaren ma littattafan manhaja ne suka cika shi, na karatun nishaɗi kaɗan ne kuma sun tsufa, alhali a waɗannan shekarun ne yaro yake kamuwa da son karatu ko ya rabu da shi. Ɗakin kwamfuta ya fi su samun kulawa, ana kuma amfani da shi yadda ya kamata.

Sashen kwana yana da tsafta, akwai ruwa, akwai nas da take kwana a cikin makarantar, kuma idan yarinya ba ta da lafiya ana kiran iyaye a ranar, ba a jira sai abin ya yi tsanani. Matar da take kula da ɗakin kwanan 'yan mata tana kwana a cikin ginin tare da su, wanda hakan ya rage cin zalin da manyan ɗalibai suke yi wa ƙanana, matsalar da ta daɗe tana addabar makarantun kwana. Ba a ba manyan ɗalibai ikon hukunta kowa ba, iyakarsu su kai rahoto. Dokokin ladabtarwa a rubuce suke an kuma ba kowane uba kwafi, babu duka babu tozartawa a gaban taro, wanda ya yi daidai da sashe na 28 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, inda aka ce ladabtarwar makaranta ta kasance cikin kiyaye mutuncin yaro. Ban ga wannan ya sa yaran sun sangarce ba. Suna da natsuwa, suna gaida manya, kuma ba sa sunkuyar da kai don tsoro idan malami ya wuce.

Ƙorafina a wannan sashe barci ne, kuma ban ɗauke shi ƙaramin abu ba. Karatun dare yana kaiwa can cikin dare, a kuma tashe su da sassafe, ta yadda idan aka lissafa barcinsu ba ya cika awa 7. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta ba da shawara a 2016 cewa matasa daga shekara 13 zuwa 18 suna buƙatar awa 8 zuwa 10 a kowane dare. Makarantar tana ɗaukar tsawon lokacin karatu a matsayin alamar ƙwazo, iyaye da yawa ma haka suke so, amma yaron da yake gyangyaɗi a darasin farko bai amfana da awar da aka ƙwace daga barcinsa ba. Duk hutun da 'yata ta dawo, kwanakin farko a barci take ƙarar da su. Mun kai maganar taron iyaye da malamai, an saurare mu, an rage wa ƙananan azuzuwa kaɗan, manyan kuwa suna nan yadda suke.

Sha'anin kuɗi shi ne ya fi ɓata mini rai. Kuɗin makarantar da aka faɗa tun farko bai fi ƙarfin aikin da ake yi ba, amma ba shi ne duka abin da ake biya ba. A hankali sai ga kuɗin raya makaranta, da na fita yawon ilimi, da littattafai da yunifom waɗanda dole sai a shagon makarantar za a saya, sannan sanarwar ƙarin kuɗi takan zo ana dab da komawa, lokacin da uba ba shi da damar neman wani wuri. Ba na ƙin a ƙara kuɗi idan tsadar rayuwa ta tilasta, musamman idan ƙarin zai isa ga malamai, amma haƙƙin iyaye ne a sanar da su da wuri a kuma gaya musu dalili. Abin yabo ɗaya a nan shi ne ba sa korar yaro daga aji ko kiran sunansa a taro saboda an makara wajen biya, da iyayen suke magana. Duk wanda zai sa ɗansa a makarantar kuɗi ya nemi a rubuta masa jerin duk abin da zai biya a shekara, har da kuɗin rajistar jarrabawar ƙarshe da sharuɗan mayar da kuɗi idan ya janye yaron, kuma ya auna ƙarfinsa a kan dukan shekarun sakandare, domin cire yaro a tsakiyar tafiya saboda kuɗi ya gaza yana yi masa illa a karatu da kuma a zuciya.

Yaron da yake buƙatar a ja shi a hankali, ko mai kunyar da yakan ɓace a cikin taro, zai ji daɗin wannan makaranta, kuma 'yata da bakinta ta ce tana son malamanta, abin da na tambaye ta tun kafin in yanke shawarar barinta ta ci gaba. Amma yanzu ta kusa shiga manyan azuzuwa inda za ta zaɓi ɓangare, kuma hankalinta ya karkata ga kimiyya, don haka na nemi a nuna mini jadawalin shiga ɗakin gwaje-gwaje na manyan azuzuwan tare da littattafan da ɗalibai suke rubuta sakamakon gwajinsu a ciki. Hukumar makarantar ta yi alkawarin ɗaukar ma'aikaci na musamman da zai riƙa kula da ɗakin, kuma sai na ga an cika wannan alkawarin kafin in amince ta yi kimiyyarta a can.