Borg da Federer: Ritaya da Wuri ko Jira Sai Jiki Ya Gaza

Ɗan wasan tanis da ya kai ƙololuwa hanya biyu ce a gabansa: ya ajiye wasa tun tauraruwarsa na haskawa, ko ya ci gaba har sai jiki ya ce ya isa.

Bjorn Borg na ƙasar Suwidin ta farko ya bi. Manyan kofuna 11 ya ci, shida a Faransa, biyar a jere a gasar Wimbledon ta Ingila daga 1976 zuwa 1980. Da John McEnroe ya doke shi a wasan ƙarshe na gasar Amurka a 1981, ko bikin miƙa kofi bai tsaya ba, ya fice daga filin. A 1983 ya sanar da ritaya yana ɗan shekara 26. Abin tausayi, a 1991 ya dawo riƙe da raket (abin buga ƙwallon tanis) na katako, alhali kowa ya koma na zamani, kuma bai ci wasa ko ɗaya ba.

Ni dai hanyar Roger Federer na Suwizalan ta fi kwanta mini a rai. An yi masa tiyata a gwiwa a 2016, mutane suka ce tasa ta ƙare, sai ga shi ya ƙara manyan kofuna uku, suka cika 20. Shi ma haƙurin nan da tsadarsa: a Wimbledon ta 2021 an lallasa shi 6-0 a zagayen ƙarshe na wasansa da Hubert Hurkacz. Ya yi bankwana a Landan a 2022 yana da shekara 41, shi da Rafael Nadal suna gefe ɗaya a wasan 'yan biyu-biyu.