Sharhi kan yawon ƙarshen mako na ɗaliban likitanci a Alƙahira

Akwai kamfanonin yawon buɗe ido a Masar da ke haɗa wa ɗalibai baƙi tafiyar kwana biyu, Juma'a da Asabar, suna tallata ta da cewa za a ga tarihi a kuma ga aikin asibiti. Wannan sharhi kan irin wadda ake tasowa daga birnin Mansura zuwa Alƙahira ne, tafiyar kusan kilomita 120, da bas ɗaya da ɗan jagora da kwana ɗaya a otal. A ganina ɓangaren tarihin ya ci kuɗinsa, amma ɓangaren asibitin sai ɗalibai sun tashi tsaye da kansu, in ba haka ba bango kawai za su gani.

Wurin da ya fi ko'ina amfani shi ne Bimaristan na Sarki Ƙalawun da ke titin Al-Mu'izz, asibitin da aka gina tsakanin 1284 da 1285. Da dukiyar waƙafi aka tafiyar da shi, ana duba mai kuɗi da talaka kyauta, an kuma ware ɓangaren masu zazzaɓi daban, na masu ciwon ido daban, na masu taɓin hankali daban. Abin da ya saura na tsohon ginin ba shi da yawa, kuma har yau akwai asibitin ido a harabar. Matsalar ita ce ɗan jagora yakan ja mutane zuwa hubbaren sarkin saboda adonsa, ya wuce asibitin da 'yan kalmomi. Ku ce masa tun a mota asibitin kuka zo gani, ku nemi aƙalla minti 40 a wajen.

Kuskuren jadawalin shi ne sanya ziyarar asibitin zamani ranar Juma'a. Ranar hutu ce, sashen duba marasa lafiya na waje ba ya aiki, malaman da za su zagaya da ku ma ba sa nan. Ƙasrul Aini, inda makarantar likitancin da Clot Bey, wani likita Bafaranshe, ya kafa a Abu Za'abal a 1827 ta koma a 1837, asibitin koyarwa ne mai cike da marasa lafiya, ba a shigar da ayari haka kawai. Haka asibitin yara masu ciwon daji na 57357 da ke Sayyida Zainab, wanda aka buɗe a 2007 da gudummawar jama'a. Ku karɓi wasiƙa daga tsangayarku tun da sauran makonni, ku ga amsar asibitin a rubuce kafin ku biya kamfani ko sisi, ku raba kanku rukuni-rukuni kada ya wuce mutum 10. Hoton majinyaci kuwa kada wanda ya ɗauka, ko da an ga wasu na yi.

Gara a juya tsarin. Juma'a da sassafe a nufi Saƙƙara, kimanin kilomita 30 kudu da birni, a ga dalar Fir'auna Djoser da gidan tarihin Imhotep, jami'insa da Misirawan dā suka girmama daga baya a fannin magani. A tambaya ko kabarin Ankhmahor, wani wazirin fir'auna, a buɗe yake, don a bangonsa ne aka sassaƙa hoton yadda ake kaciya fiye da shekara 4,000 da suka wuce. A dawo a yi sallah a Azhar, a ƙarasa Al-Mu'izz da ƙafa tunda kusa ne. Asabar da safe a bar wa asibiti.

Tikitin wuraren tarihi rabin kuɗi ne ga ɗalibi, amma sai da katin shaida mai aiki, kuma manyan wuraren da katin banki ake biya yanzu. Kowa ya riƙo fasfo da takardar izinin zama, otal zai nema. Kasuwar Khan el-Khalili a bar ta sai dare, domin duk ayarin da ya shiga cikinta da rana da wuya a sake haɗa kansa kafin la'asar.